Yadda Ake Ƙirƙirar Addinin Masu Iskoki a Ƙagaggen Labarin Kimiyya

Marubutan Kano sun yi nisa a labarin soyayya da na yaƙi da na aljanu, amma da zarar labari ya bar doron ƙasa ya nufi sararin samaniya sai hannu ya fara rawa. Ba mafari muka rasa ba, domin tun 1969 Umaru Dembo ya fitar da Tauraruwa Mai Wutsiya. Abin da na fi lura da shi a rubuce-rubucen da matasa ke sakawa a Wattpad da zaurukan WhatsApp shi ne, ana wahala wajen ƙera jirgi da makami da mutum-mutumi, amma mutanen da ke cikin jirgin ba su da abin da suke tsoro in dare ya yi, ba su da wanda suke kai wa kuka in yaro ya kwanta ciwo. Wanda kuma ya yi yunƙurin ba su addini, sai ya ɗauko bori ɗungurungum ya sauya wa iskokin suna ya jefa a wata duniya. Duka biyun ba sa gamsar da mai karatu. Addinin da ka ƙaga dole ya tsiro daga wahalar wurin da ka ajiye mutanenka. Ga yadda za ka bi, marubuci ne kai ko marubuciya.

Mataki na farko: san inda ka tsaya

A Kano kake rubutu, masu karatunka Musulmi ne, kai ma mai yiwuwa haka. Bayar da labarin abin da wasu mutane suka yi imani da shi daban, yarda da shi daban. Littafin Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya buɗe ne da Barbushe da Tsumburbura, ya faɗi yadda ake bautar da abin da ake yankawa, kuma har gobe ana karantar da shi. To amma akwai iyakoki uku da nake ganin kada ka ƙetare. Kada ka sa sunayen Allah ko na annabawa ko ayar Alƙur'ani a bakin iskar da ka ƙaga. Kada muryar mai ba da labari ta tabbatar wa iskokin sanin gaibu, bar wannan a bakin mabiyansu. Kada ka rubuta tsarin tsafi na gaske wanda wani zai iya kwaikwaya. Ka rubuta waɗannan a shafin farko na littafin shirinka kafin komai.

Mataki na biyu: nemo abin da ke kashe mutane a wurin

Nan ne tushen aikin, don haka kada ka yi gaggawa. Manomin da rayuwarsa ta rataya a kan damina, tunaninsa na ɓoye yana zagaye ruwan sama da fari. Masunci kuma kogi. To mutanenka fa, mene ne ke ɗauke musu 'ya'ya?

Zaɓi wuri guda ka karanta gaskiyarsa. In duniyar Mars ce, yininta awa 24 da minti 39 ne, shekararta kwana 687, tana da wata biyu, kuma guguwar ƙura kan lulluɓe ta baki ɗaya har hasken rana ya dushe na makonni. Saƙo daga can zuwa nan yana ɗaukar tsakanin minti 3 zuwa 22, gwargwadon nisan da ke tsakani a lokacin. In Titan ce, babban watan duniyar Saturn mai zobe, sanyinta ya kai digiri 179 ƙasa da sifiri, tafkunanta kuma na iskar gas ne da sanyi ya mayar ruwa-ruwa, ba na ruwa ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan zai haifar da tsoro iri daban.

Ni zan yi misali da jirgi, kuma da shi za mu tafi har ƙarshe. Tauraron da ya fi kusa da ranarmu, Proxima Centauri, haske ma sai ya yi shekara 4 da 'yan watanni kafin ya isa. Kumbon Voyager 1 da aka harba a 1977, da can ya nufa, sai ya yi sama da shekara 70,000 a hanya. A ce jirginmu, mu sa masa suna Shamuwa, yana gudun kashi 1 cikin 100 na gudun haske. Tafiyar shekara 420 ke nan. Waɗanda suka shiga ba su ne za su sauka ba, jikokin jikokinsu ma a hanya za a binne su. Labarinmu yana shekara ta 300.

Me ke kisa a Shamuwa? Na ɗaya, iskar shaƙa. Iskar kabon da mutum ke fitarwa in ta taru tana kawo ciwon kai, ruɗewa, sannan suma. Ita ce ta kusa halaka 'yan sama jannatin Apollo 13 a 1970, sai da suka haɗa leda da kwali da salatef suka gyara matacin iskarsu. Na biyu, ruwa. A Tashar Sararin Samaniya ta Ƙasa da Ƙasa ana tace gumi da fitsari a mayar da su ruwan sha, kuma a 2023 hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta sanar da cewa ta kai ga maido da kashi 98 cikin 100. Ka yi tunanin mutanen da ruwan da suke sha ya bi ta jikin kakanninsu ɗari bisa ɗari. Na uku, abin da ke bayan bango, inda babu iska babu sauti. Na huɗu, burbushin haske mai ratsa ƙarfe da jiki. 'Yan sama jannatin Apollo sun ba da labarin ganin walƙiya alhali idanunsu a rufe suke, sakamakon wannan burbushin. Riƙe wannan, zai yi mana amfani.

Mataki na uku: faɗi yadda ilimi ya rikiɗe ya zama ibada

Mutanen da kakanninsu suka ƙera jirgi ba za su wayi gari suna yi wa bututu kirari haka kawai ba. Ruwa ba ya tsami banza. Sai ka samo abin da ya faru. A Shamuwa, a ce cikin shekara ta 140 wata annoba ta cinye yawancin injiniyoyi, ma'ajiyar bayanan kwamfuta ta sashen ƙasa kuma ta lalace. Waɗanda suka rage leburori ne da suka san aikin da hannu da kunne, ba su san dalilinsa ba. Sun san cewa in fankar bango ta sauya murya, kwana biyu yara za su fara ciwon kai. Don kada a manta, sai suka mayar da ƙa'idojin gyara waƙa, suna koya wa 'ya'yansu. Bayan zuriya biyar waƙar ta zama addu'arsu, jerin dubawar da ake yi kowace safiya ya zama farilla, wanda ya fi kowa jin muryar injin ya zama mai shiga tsakani.

Amfanin wannan matakin shi ne zai ba kowace al'ada tushe biyu: dalilin da mabiya ke faɗa, da dalilin asali da kai kaɗai ka sani. Ja layi a tsakiyar takarda. A dama rubuta abin da suke cewa: ba a kwana a lungun da babu motsin iska, domin nan Shiru yake shimfiɗa tabarmarsa. A hagu rubuta gaskiyar: a lungun da fanka ba ta kaiwa iskar kabon ke taruwa. Yi irin wannan guda goma. Sannan ka ƙara biyu ko uku waɗanda dalilinsu ya riga ya mutu amma ana nan ana yi, har ma suna cutarwa, kamar hana mace mai ciki hawa sashen sama alhali can asibiti yake. Daga waɗannan ne rikicin labarinka zai fito.

Mataki na huɗu: tsara iskokin, kuma kada su yi yawa

Nan za ka koyi darasi daga bori ba tare da ka kwafe shi ba. Abin da ya sa tsarin bori ya zauna a kan mutane shi ne iskokin al'umma ce guda. Suna da birninsu, Jangare. Fremont Besmer, wanda ya yi bincike a cikin 'yan borin Kano, ya lissafa gidaje 12 a birnin. Akwai sarki, akwai malami, akwai ɗan sarauta mai ɓarna da dukiya, akwai kuturu, akwai Fulani, akwai auratayya da riƙo a tsakaninsu. Kowace iska tana da ciwon da take sawa, da kiɗanta, da kirarinta, da kayanta da ake kira tsere. Wato mutane sun kalli zamansu ne suka zana shi a ɓoye. Wannan ƙashin bayan shi za ka ɗauka. Sunayen Ɗan Galadima da Sarkin Rafi da Inna ka bar su inda suke, domin har yanzu akwai masu riƙe da su, kuma mai karatu na ganinsu zai daina ganin jirginka, ya koma ganin wani gida a unguwarsu.

Huɗu ko biyar sun ishe ka. A Shamuwa ana kiransu Mazauna Bango. Numfasau shi ne babba, mai injin iska, dattijo ne mai haƙuri wanda ba ya barci, fushinsa ciwon kai ne. Gwaggo Raɓa ita ce mai ruwa, matarsa ce amma ba sa ga maciji, domin wutar lantarkin da ɗaya ya ja ɗayan ta rage wa, kuma ita ke riƙe da matattu tunda jikin kowa gare ta yake komawa. Ƙyaftau yaro ne mara ji, shi ne walƙiyar da ake gani ido a rufe, wanda ya yawaita ganinsa ana cewa an zaɓe shi. Na ƙarshe Shiru, wanda ke bayan bango. Ba shi da kiɗa, ba shi da kirari, ba a roƙonsa komai, sunansa ma ba a faɗa in an rage fitilu.

Ga kowannensu ka cike abu shida: abin da yake bayarwa, abin da yake ƙwacewa, alamar zuwansa, abin da yake so, abin da ya haramta, da wanda yake gaba da shi. In ka tarar biyu sun yi kama a amsoshin, kashe ɗaya.

Mataki na biyar: gina mai shiga tsakani

Da farko yanke shawara a kan hanyar saduwa, domin iri biyu ne a duniya. A wajen mutanen Saiberiya, irin su Ebenki, bokan ne ke tafiya: yana kaɗa ganga har hankalinsa ya gushe, ana cewa kurwarsa ta je wajen iskokin ta yi ciniki ta dawo da labari. A bori kuwa iskar ce ke zuwa ta hau mutum, shi ya sa ake ce wa namiji doki, mace goɗiya, kuma wanda aka hau yakan ce bai san abin da ya faɗa ba, sai an gaya masa. Bambancin yana da nauyi a labari. Mai tafiya yana iya yin ƙarya a kan abin da ya gano, mai hawa kuma yana hannun wanda ke fassara maganarsa. Zaɓi wanda zai fi matsa wa tauraronka.

A Shamuwa na zaɓi tafiya. Ana kiransu Masu Kunne. Mai Kunne yana shiga bututun iska shi kaɗai, ya kwanta ya manna kunne da ƙarfe har numfashinsa ya yi nauyi, ya fara gane-gane. Kai ka san ƙarancin iskar oksijin ne ke taɓa ƙwaƙwalwarsa, su kuma sun ce ya isa fadar Numfasau.

Sai ka amsa tambayoyi huɗu. Yaya ake zama Mai Kunne? A wurare da yawa ciwo ne ƙofar shiga, a bori ma sau da yawa doguwar jinya ce ke kai mutum ga girka, wato bikin shigar da shi bori. Wa ke koyarwa, kuma shekara nawa? Me mutum ke rasawa? Wannan kada ka tausaya masa. Masu Kunne suna kurumcewa da wuri saboda ƙarar injin, don haka duk wanda ya shahara ya san ranar da zai daina jin abin da ya sa ake girmama shi tana tafe. Sannan da me yake ci? In ana biyansa da rabon ruwa, to ka buɗe ƙofar kwaɗayi da zargi.

Don ka ga yadda iko ke taruwa a hannun irin wannan mutum, koma ga Barbushe. Tarihin Kano ya ce a kan Dala yake zaune, ba ya saukowa sai sau biyu a shekara. Wurin Tsumburbura itaciya ce da aka kewaye da katanga, ba mai shiga sai shi. Jama'a su kawo baƙin kare da baƙar kaza da baƙin bunsuru, ya shiga ya fito ya faɗa musu abin da zai auku a shekara. Ƙarancin ganinsa da keɓewar wurin su ne rabin ƙarfinsa. In kana Kano, ka hau Dala da sassafe ka dubi birni daga sama, ka auna yadda wanda ke ƙasa zai ji game da mutumin da ke kwana a can. Ka biya Gidan Makama ka ga kayan da. Ka ratsa Kasuwar Kurmi wajen masu sayar da magungunan gargajiya ka lura da yadda mai saye ke rage murya in zai faɗi damuwarsa. Wannan rage muryar kake buƙata a shafinka.

Mataki na shida: rubuta biki guda ɗaya daga farko har ƙarshe

Biki ɗaya cikakke ya fi goma da aka ambata a baki. Tsara shi da kayan da ke wurin kaɗai. A jirgi babu fatar ganga, babu garaya ko goge, wuta kuma haramun ce tunda tana cin iskar da ake shaƙa, saboda haka babu turaren wuta. Kiɗansu bugun sifana ne a jikin bututu, kowane bututu da muryarsa. Hadayarsu numfashi ce: jama'a su riƙe numfashi tare na ɗan lokaci, a matsayin mayar wa Numfasau kaɗan daga abin da ya bayar. Ga mai tsananin buƙata, ya zuba rabon ruwansa na yini a magudanar Gwaggo Raɓa ya wuni da ƙishi.

Rubuta wanda ke fara magana, inda mata ke tsayawa, abin da yara ke yi a baya, da alamar da ke nuna an gama. A bori atishawa ce ke nuna iska ta sauka daga kan wanda ta hau. Kai ma nemo taka alamar, ƙarama wadda jiki ke yi. Lokacin bikin kuma ya fito daga jirgin: babu rana babu wata, sai ranar sauya matatan iska, ita ce babbar ranarsu.

Mataki na bakwai: suna da kirari

Faɗi kowane suna da ƙarfi sau uku. Wanda ya sarƙe harshe, ko ya yi kama da sunan wani waliyyi ko wata ƙabila, sauya shi. Kirari kuwa shi ne inda Bahaushe zai gane ka iya ko ba ka iya ba. Gajere, mai yabo da tsoratarwa a haɗe, kuma ya ɓoye ƙa'idar gyara a ciki:

Numfasau mai gida, ba ka rintsawa,
Ka ba jariri, ka ba mai furfura,
Muryarka biyu lafiya, uku a tashi,
Ranar da ka yi shiru babu mai ba da labari.

Layi na uku umarnin injiniya ne na shekara 300 da suka wuce. Mai karatu mai lura zai gano, kuma zai ji daɗin ganowar.

Mataki na takwas: kawo masu ja da shi

Addinin da kowa ya yarda da shi ba ya motsa labari. A sashen sama na Shamuwa akwai masu ilimin da ke ganin Masu Kunne jahilai ne, amma in injin ya rikice su suke aikawa a kira a ɓoye. A cikin Masu Kunnen akwai tsofaffi masu cewa kada a taɓa waƙa, da matasa da suka tsinci wani tsohon littafin gyara suka ga baiti biyu sun saɓa masa.

Kana iya sa Musulmi a jirgin, kuma ina ganin hakan zai ƙara wa labarin nauyi a wajen mai karatun Kano. Tambayoyinsu na gaske ne. Lokacin da Sheikh Muszaphar Shukor na Maleshiya ya je tashar sararin samaniya a 2007, cikin watan azumi, sai da malaman ƙasarsa suka fitar da jagora a kan alƙibla da lokutan salla, domin tashar na zagaya duniya sau 16 a yini. Limamin da ke shekara ta 300 a hanya, wanda maƙwabcinsa Mai Kunne ne ya ceci 'yarsa daga shaƙewa, yana da abin faɗa mai yawa: zai gode wa mutumin, zai karɓi ilimin kunnensa, zai ƙi bautarsa. Ka ba kowane ɓangare hujjar da mai hankali zai iya riƙewa.

Mataki na tara: shigar da shi cikin labari kaɗan-kaɗan

Duk abin da ka tara, kashi ɗaya cikin goma ne zai fito a fili. Addini a labari kamar gishiri ne a miya, a ji shi a kowace loma amma kada a tauna shi. Kada ka buɗe babi da tarihin Mazauna Bango. Bari a gan su a rantsuwa, a faɗan uwa da 'ya, a abin da mutum ke yi da hannunsa in ya tsorata:

"Kaka, kaina ke sarawa tun jiya."

"A ina kika kwana?"

"Bayan ma'ajiya. Can ya fi ɗumi."

Tsohuwar ta ajiye ƙwaryar hannunta, ta ƙwanƙwasa bango sau biyu da bayan yatsa. "Sau nawa zan gaya miki, 'yar nan? Tashi mu je wajen Baba Mai Kunne tun ba a rage fitilu ba."

Ba a yi bayanin komai ba, amma mai karatu ya san akwai doka, akwai tsoro, akwai wanda ake zuwa wajensa.

Mataki na goma: gwaji kafin fitarwa

Ba mutum uku su karanta. Na farko mai ilimin kimiyya, ko ɗalibi ne daga Jami'ar Bayero, ya duba maganar iska da ruwa da nisa. Na biyu malamin addini da ka amince da fahimtarsa, ka nuna masa wuraren bikin da maganganun limamin musamman, ka tambaye shi kai tsaye ko akwai inda alƙalami ya zame. Na uku mai karatun littattafan Hausa na yau da kullum, wanda bayan ya gama za ka tambaye shi abu biyu: me mutanen nan ke tsoro, kuma me ba sa yi ko da za a kashe su? In ya amsa ba tare da ya koma shafi ba, ginin ya tsaya. In ya ce ai bori ne aka kai sama, koma mataki na biyu ka sake duba abin da ke kisa a wurin.

In bugawa za ka yi a takarda ko za ka mayar da shi fim, ka tuna Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, tana duba littattafai ma. Je ofishinsu ka ji ƙa'idojin da ke aiki a lokacin kafin ka kai wa maɗaba'a kuɗinka. In kuma a intanet za ka riƙa sakinsa babi-babi, rubuta gajeren bayani a farkon babi na ɗaya cewa mutanen da addininsu duk ƙagaggu ne, sannan ka kammala aƙalla babin bikin da wanda ke biye da shi kafin ka saki na farko, domin yanki guda da aka yanko aka tura wani zaure ba tare da abin da ya biyo bayansa ba yana iya jawo maka fassarar da ba ka nufa ba.